Wata takwas da injin TIG mai AC/DC: inda ya fisshe ni a waldar alminiyom da inda ya ba ni haushi

Wata takwas ke nan da na sayi injin TIG, wato mai walda da allurar tangistin wadda ba ita ke cike ɗinki ba, gas na kare wurin daga iska, mai AC da DC (wuta mai kai da komo da mai bin hanya ɗaya), irin ƙaramin nan na inbata mai amfiya 200, kuma alminiyom ne kaɗai ya sa na saye shi. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don akwai ƙorafi a cikin abin da zan rubuta. Na kuma lura injinan wannan ajin kusan uwa ɗaya uba ɗaya suke, fenti da tambari ne suka raba su, don haka wanda ke da irinsa zai ga nasa a cikin bayanina.

Shekara 14 na yi ina waldar baƙin ƙarfe da sanda. A duk tsawon shekarun nan, in aka kawo mini alminiyom, wanda manyanmu ke kira goran ruwa, sai in ce a kai gaba. Tsanin da matakinsa ya ɓalle, murfin injin babur da ya tsage, bututun sanyaya iskar mota, duk haka nake sallamarsu ina kallo. Kuma ba rashin gwadawa ba ne. Na gwada sandar E4043 a tsohon injina: tana cinyewa kamar kyandir a iska, tartsatsi ko'ina, ga dattin da take bari wanda in ba a wanke shi tas ba yakan ci gaba da cin ƙarfen. In ka bar kwalinta a buɗe kwana biyu ta sha laima, sai dai a zubar. Na gwada 'yan sandunan nan da ake tallarsu a bidiyo, waɗanda ake narkarwa da wutar gas. Tutiya ce mafi yawan abin da ke cikinsu, suna narkewa ƙasa da digiri 400, wato ƙarfen aikin bai ma narke ba. Liƙi ne. Suna toshe ɗan huji a siririn bututu, amma ban yarda in ɗora musu nauyin mutum ba.

Abin da ya sa alminiyom ke wahalar da mai walda, na daɗe ina ganinsa da ido kafin in san dalilinsa. Ƙarfen kansa yana narkewa a wajen digiri 660. Amma da zarar iska ta taɓa shi sai wani siririn ɓawo ya rufe shi, shi kuwa ɓawon sai zafi ya haura digiri 2,000 yake narkewa. Kana zuba wuta, saman yana nan ƙiƙam kamar ba a taɓa shi ba, alhali ciki ya zama ruwa. Ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe balle ya yi maka gargaɗi. Kana cikin jira sai ka ga wurin ya lotsa, ya zube ƙasa, ya bar maka rami. Ga shi yana kwashe zafi ya watsa shi cikin jikinsa ninki huɗu zuwa biyar na baƙin ƙarfe. Amfanin AC a nan yake: wutar tana kai da komo. Lokacin da allurar tangistin ta zama fositif, sai ɓawon ya farfashe, wurin ya wanku. Lokacin da ta koma negatif, sai zafi ya shiga cikin aikin. Wannan kai da komon na biya kuɗinsa, sauran maɓallan duk rakiya suka yi.

A cikin kwalin na tarar da injin, da toci mai lamba 17 wanda iska ke sanyaya shi, da wayar as, da ragileta, da tiyon gas, da kofunan tangaran uku, da allura ɗaya mai jan baki ta milimita 1.6. Feda, wadda ake takawa a ƙara wuta ko a rage, ba ta ciki, daban na saye ta. Injin ba shi da nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaukarsa, kuma kunna wutarsa abin yabo ne: ba sai allura ta taɓa aiki ba, kana taka feda wutar ke tsallakawa, ban taɓa jin ya yi mini gardama ba ko a ƙaramin amfiya. Wutar a tsaye take, ba ta yawo. Wannan na faɗe shi tun da wuri don kada ƙorafin da ke tafe ya rufe shi.

Mako biyun farko kuwa na sha wuya, har na fara neman yadda zan mayar da shi. Akwai maɓallin da ke raba lokaci tsakanin wanki da shigar zafi. Duk inda na karanta, cewa ake a sa shi wajen 70. Na sa 70. Ina taka feda sai bakin allurar ya kumbura ya zama dunƙule kamar kan ashana, yana rawa, can sai ya ɗiga cikin aikin. Kofin ya yi jajur. Shi kuwa farantin milimita 3 da ke gabana ko gezau, sai wani faffaɗan farin tabo a kansa. Na canza allura, na ƙara gas, na rage gas, na zargi mai sayar da gas ɗin agon, na zargi wayar as. Littafin bayanin shafi goma sha wani abu ne, kuma game da wannan maɓallin layi ɗaya ya rubuta wanda bai ce komai ba.

Na kira maigidana na farko, wanda ya koya mini riƙe sanda. Ya daɗe da ajiye aiki, amma ya yi shekaru a kan tsofaffin injinan TIG masu tiransfoma. Ya zo ya tsaya a bayana da gilashinsa, bai bari na yi daƙiƙa goma ba ya dafa kafaɗata.

"Kai yaro, allurar kake dafawa, ka bar aikin da sanyi. Murɗa wancan baya."

"Maigida, ai 70 aka ce."

"Wanda ya ce 70 ɗin, injinka ya gani?"

Na mayar da shi 30. Nan take ƙarar ta canza, allurar ta tsaya da bakinta, wani ɗan kududdufin narkakken ƙarfe mai sheƙi kamar madubi ya buɗe a kan farantin. Ashe wasu kamfanoni kason negatif suke rubutawa a jikin maɓallin, wasu kuma kason fositif. Nawa na biyun ne. 70 ɗin da nake sawa na nufin kashi 70 na lokacin zafi allurata yake bi. Laifina akwai, na yarda, amma layi ɗaya tak a littafin da ya hutar da ni allura shida da kusan rabin tukunyar gas. In ka sayi irinsa, kafin komai ka ɗauki guntun da ba ka so, ka gwada 30, ka gwada 70. Inda allura ta kumbura, can ne wanki ya yi yawa.

Da na gane shi, sai maɓallin ya zama wanda na fi taɓawa. A sabon faranti mai tsabta ina barinsa 25 zuwa 30. A tsohon abu da ya sha rana da ruwa nakan kai shi 35, wani lokaci 40. Alamar tana gefen ɗinkin: akwai siririn farin layi da ke bin waldar hagu da dama, inda wutar ta wanke. In ya yi faɗi da yawa, ɓarnar zafi kake yi. In ya ɓace, kuma ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna yawo a saman kududdufin, wanki ya yi kaɗan.

Sai maɓallin saurin kai da komo, wanda shi ne ya burge maigida har ya karɓi tocin ya zauna. Injinan zamaninsa sau 50 ko 60 suke juyawa a daƙiƙa, gwargwadon wutar layi, ba ka da ta cewa. Wannan kuwa yana hawa har 200. A 60 wutar faffaɗa ce, tana shimfiɗuwa, ta dace da cike wuri ko gefen waje. A 120 sai ta tsuke ta miƙe kamar fensir, ka cusa ta cikin kusurwa ta tsaya inda ka nuna mata, maimakon ta riƙa lasar bango wannan da wancan. A nan nake zama kusan kullum. Sama da 150 ƙararta shiga kunne take kamar rina ta maƙale a gwangwani, kuma ban ga abin da ta ƙara mini ba. Allurar ma ta canza da zamani. Shi ya saba da mai koren baki, tsantsar tangistin, wadda ake barin bakinta ya dunƙule. A inbata mai shuɗin baki ta fi, mai lantanam kashi 2, milimita 2.4: in fiƙe ta, in ɗan dakushe tsinin, ta yi mini aiki mai yawa kafin ta nemi gyara. Mai jan bakin da ta zo a kwali tana ɗauke da toriyam, ƙurarta ba abin shaƙa ba ce, kuma tsagewa take a AC. Tana nan a aljihun tebur.

Kada kowa ya ruɗe ka cewa za ka yi alminiyom da daɗi ba feda. Za ka iya, amma da haƙori a cije. Lissafin da ake farawa da shi kusan amfiya 40 ne ga kowace milimita ta kauri, wato faranti mai milimita 3 na neman wajen 120. Ni nakan sa injin a 150 in bar ƙafata ta yi sauran. Da farko aikin da sanyi, yana shanye duk abin da ka ba shi, dole ka taka sosai kududdufi ya buɗe cikin daƙiƙa biyu ko uku. Wanda ya zo daga baƙin ƙarfe tsoro yake ji, sai ya sa ƙaramar wuta ya tsaya yana lallaɓawa, kuma wannan lallaɓawar ce ke jiƙa aikin gaba ɗaya da zafi har ya rufta. Ka shiga da ƙarfi, ka yi tafiya. Kafin ka kai tsakiya farantin ya ƙoshi, sai ka fara ɗaga ƙafa. A ƙarshen layi wataƙila rabin abin da ka fara da shi kake bayarwa. Can kuma kada ka ɗauke ƙafa farat ɗaya. Alminiyom na tsukewa da kusan kashi 6 in zai daskare, sai ya bar ɗan gurbi a ƙarshen ɗinki, daga gurbin nan tsaga ke farawa mai kama da tauraro. Ka sassauta a hankali, ka ƙara ɗigo ɗaya ko biyu na sanda, ka bar tocin a wurin har gas ya gama fita. Fedar da na haɗa da injin tana bin ƙafa yadda ya kamata, sai dai santsi gare ta, har na ɗaure ta a kan katako.

Tocin da ya zo da shi ne babban abin haushina. Inji mai amfiya 200, a haɗa shi da toci mai lamba 17 wanda ƙarfinsa 150 ne a DC, a AC ma bai kai haka ba tunda wani kaso na zafin kansa yake komawa. A 140, minti uku zuwa huɗu, ko da safar hannu sai na ajiye shi. Wata rana ina tsakiyar tanki na ji ƙaurin roba, na duba, wuyansa ya fara laushi. Na sayi mai lamba 26, ya fi nauyi da kauri, yatsu na gajiya, amma yana jurewa. Shi kansa injin an rubuta a bayansa cewa a 200 kashi 25 yake aiki, wato minti biyu da rabi a cikin goma. A nan bai yi ƙarya ba. Sau biyu ya kashe kansa, duka biyun ni na matsa masa, ya huce ya dawo.

A wata na uku wata matsala ta ɓullo: ƙananan huji a cikin ɗinki, in ka goge saman da giranda sai ka ga ciki kamar soso. Wannan aikin haidirojin ne. Narkakken alminiyom na shanye shi, in ya zo daskarewa ya tofar, kumfar da ba ta samu fita ba ta maƙale. Daga mai yake zuwa, daga laima, daga gumin hannu a jikin sanda. Na san ina kiyaye tsabta: asiton da farin ƙyalle tukuna, sannan buroshin sitenles wanda bai taɓa ganin baƙin ƙarfe ba. Jerin nan da muhimmanci, don in ka fara da buroshi, man kake turawa cikin ƙarfen. Sandar ma ina goge ta, kuma duk wanda bai taɓa yi ba ya gwada ya ga baƙin da zai fito a ƙyallen. To daga ina? Ruwan sabulu ne ya tona asiri. Tiyon gas ɗin da ya zo a kwali ya saki a bakin injin, ɗan matsewar da aka yi masa ba ta kama ba, yana zubar da agon yana jan iska. Sabon tiyo da maɗauri mai kyau, magana ta ƙare. Tun daga nan ina ba shi lita 8 zuwa 9 a minti, tsantsar agon. Ƙara gas fiye da kima ba ya ƙara kariya, hargitsa iska yake ya jawo ta ciki. Abin dariya, lokacin da Russell Meredith ya ƙirƙiro wannan salon waldar a kamfanin jirage na Northrop a Amurka, a farkon shekarun 1940, da hiliyam ya yi, kuma maganiziyam yake son haɗawa. Har yau ana gauraya hiliyam da agon in aiki ya yi kauri, don yana ƙara zafi.

Akwai abin da injin ba zai koya maka ba, kuma a nan na fi yin asara: alminiyom iri-iri ne. Na taɓa haɗa kariyar saman mota da bututun alminiyom mai lamba 6061. Wurin ɗigawa don su kama, sai na yi irin ta baƙin ƙarfe, na narka gefen biyu suka haɗe ba sanda. Ban ajiye tocin ba na ji ƙas, tsaga ta bi tsakiyar ɗigon. 6061 ba ya yarda a narka shi shi kaɗai, sai an gauraya shi da sanda. Sanduna biyu ne a teburina yanzu. 4043 mai silikon kashi 5, tana gudu da santsi, ɗinkinta na sheƙi, ba ta cika tsagewa ba, ita nake ba abin da aka yi da zubi da abin da zai zauna cikin zafi. 5356 mai maganiziyam kashi 5, ta fi tauri da ƙarfi, tana ɗan barin baƙin hayaƙi a gefe, ita ce ta faranti irin 5052 da 5083 da duk abin da za a yi wa rinin lantarki daga baya, don 4043 baƙi take komawa a rinin. Amma ba a sa 5356 inda zafi zai daɗe sama da digiri 65. Sannan ko ɗinkinka ya yi kyau kamar an jera sulalla, 6061-T6, wato 6061 da aka gasa ya yi tauri, ya riga ya yi laushi a gefensa. Ƙarfen da ƙarfinsa ke kai wa kusan megafaskal 300, ƙa'idar AWS D1.2 ta Amurka 165 kawai take lissafa masa bayan walda. Shi ya sa na ƙara wa kariyar nan 'yan kusurwoyin tallafi. 2024 da 7075 na jirgin sama kuwa, in an kawo maka, ka ba da haƙuri.

Murfin injin babur, irin wanda na yi shekaru ina kora, shi ne aikin da ya fi faranta mini. Irin wannan ya sha mai har cikin ƙashinsa. Na fara ɗiga masa ruwan binega a inda na kankare, don wasu murafan maganiziyam ne, kuma maganiziyam kumfa yake yi in binega ta taɓa shi, alminiyom kuwa shiru. Ya yi shiru. Na huda ƙarshen tsagar biyu, na buɗe ta da abin sassaƙa na kabayid, na ɗumama shi kaɗan, ban wuce digiri 120 ba. Zagayen farko ban sa sanda ba, na bi da wuta kawai datti ya taso baƙi ƙirin, na kankare, na sake. Sai a na uku kududdufin ya yi haske ya karɓi 4043. A nan ne maɓallin wanki ya biya ni wahalar da ya ba ni.

Iyakarsa milimita 6. A nan ma sai na ɗumama aikin, feda a ƙasa, fanka na ihu. An kawo mini faranti mai milimita 10 na mayar. Kuma TIG ba sauri gare shi ba. Wanda aikinsa dogayen layuka ne a kan kauri, kamar bodin tirela ko jirgin ruwa, injin MIG mai turo waya da kansa ya kamata ya nema, da bindigar nan mai ɗauke da ɗan ƙaramin naɗin waya a kanta, tunda wayar alminiyom laushi gare ta, in aka turo ta daga nesa cukurkuɗewa take. Na ari irinta na yini guda, abin da nake yi a awa ta cinye shi a minti goma sha biyar, amma a siririn abu huda shi take kafin ka ƙifta. Akwai maɓallin bugun wuta a injina, mai ɗaga wuta yana sauke ta da kansa, na gwada shi sau biyu, ƙafata ta fi shi.

Hasken waldar alminiyom mugu ne, don ƙarfen madubi ne, yana dawo maka da shi ta ƙarƙashin hula. Ranar farko na bar maɓallin wuyan rigata a buɗe, kwana uku fatar wurin tana saɓa. Gilashi mai lamba 11 nake sawa, in na haura 150 in koma 12. Kuma kada a kuskura a wanke aiki da feshin wanke birki mai kilorin. In wutar walda ta same shi, iskar fosjin yake fitarwa, kaɗan daga cikinta na iya kashe mutum.

Da za a mayar da ni baya zan sake sayensa, sai dai a ranar zan haɗa da feda, da toci mai lamba 26, da tiyo, da allurai masu shuɗin baki, in lissafa su cikin kuɗin injin tun farko. Abu ɗaya da har yau bai daina ba ni haushi ba: in ka juya shi zuwa DC ka dawo AC, sai ya manta duk abin da ka saita, ya koma nasa. Sau biyu na taka feda ban duba ba, allura ta tafi. Yanzu na rubuta a gefensa da farar maka, inda idona zai fara sauka: wanki 30, sauri 120, gas bayan wuta daƙiƙa 8.